Gefen Hagu na Rigunan Auta

Shekara talatin da ɗaya Yaya Tela ta yi a shagon nan na ƙarƙashin matakala, inda dogon mutum sai ya sunkuya kafin ya shiga. Keke ɗaya ne a ciki, da teburin yanka, da madubi mai tsaga a kusurwa, sai labulen da mata ke shiga bayansa su tsaya daga su sai shimi a auna su. Sama da ita hawa huɗu ne na 'yan haya. Duk wanda ya sauko a guje sai ƙura ta zubo mata a kan yadi, ita kuwa ta ɗaga kai ta bi shi da addu'ar da ba ta alheri ba. Ba mace ce mai fara'a ba, wannan kowa a layin ya sani. Amma in ta ɗinka wa mace riga, sai ta tsaya gaban madubin tana juyi, tana tambayar kanta yaushe ta yi kyau haka.

Sirrin aikin ba wani mai tsawo ba ne. Babu jikin da ya zo daidai. Wata kafaɗarta ɗaya ta fi sauka, wata ƙugunta ya karkace tun haihuwar fari, wata hannunta na dama ya fi kauri. Tun tana koyo, wata rana ta buɗe baki ta ce wa mai kawo ɗinki, "Baba, kafaɗarki ta dama ta fi ta hagu sauka." Matar ta tafi ranta a ɓace. Tsohuwar da ke koya mata ta jira har aka fita, sannan ta ɗauki rula ta sauke mata a yatsu.

"Wa ya tambaye ki?" in ji tsohuwar. "Ba don a faɗa mata aibinta ta zo ba. Abin da kika gani a jiki, ki gyara shi a yadi, ki rufe bakinki."

Ta kuwa rufe. Har ya kai hannunta na gyarawa tun kafin kanta ya gama tunani: a saki nan kaɗan, a tsuke can, a ƙara shafi ta ciki, mai riga ta tafi ba ta san an yi ba.

Abu ɗaya ne ba ta rufe baki a kansa, shi ne asibiti. In kana son ka ga ta ajiye almakashi, to ka ambaci likita. Kuma ba haka kawai ta tsane su ba. Tana da shekara ashirin da huɗu mahaifiyarsu ta taka da ƙafarta ta shiga asibiti da ciwon ciki. Aka ce ƙaramin aiki ne, jibi za ta koma gida. Kwana tara bayan nan aka miƙo musu takalmanta da mayafinta a leda. Wani mai farar riga ya ce, "Mun yi iya ƙoƙarinmu," yana faɗa yana tafiya, ko tsayawa bai yi ba. Har yau ba wanda ya gaya mata abin da ya kashe uwarta. Aka bar ta da ƙanwarta 'yar shekara goma, wadda kowa ke kira Auta, ita ta zama uwa ita ta zama uba. A ƙarƙashin teburin yankan nan Auta ta yi aikin makarantarta, tana tsince zare tana zura mata allura. Yaya Tela ta yi aure sau ɗaya, bai daɗe ba, Allah kuma bai ba ta haihuwa ba. Duk son da ke cikinta, wanda ba ta iya nunawa da fuska, a kan Auta ya ƙare.

Sannan ga abin da sana'a ta nuna mata. Lokaci-lokaci mace kan shigo ta tsaya bayan labule ta ƙi ɗaga kai, sai ta ce a hankali, "Yaya, an yi mini aiki." Yaya Tela ba ta tambaya. Takan ɗinka ɗan aljihu ta cikin rigar, ta cusa soso da auduga, ta daidaita har sai gefen da aka cire ya yi kama da ɗan'uwansa. Mata bakwai ta yi wa haka. Biyar daga cikinsu ta je gaisuwar mutuwarsu. Ga kuma shugabar makarantar bayan layi, mace lafiyayya mai ƙiba, da ta je hoton nono don kawai an ce mata masu shekarunta su je. Aka ce an ga wata inuwa. Wata uku baiwar Allah ba ta ci ba ta sha da daɗi, aka soka mata allura, aka yanki nama, daga ƙarshe aka ce ba komai ba ne. Inci biyu Yaya Tela ta rage a kowace rigarta.

Da aka haɗa wannan da wancan, sai ga wani mutum mai daɗin murya a waya, mai sayar da wasu kwalaben magani, yana cewa matsar da na'urar ke yi wa nono ita ke tayar da ciwon da ke barci. Ba ta san shi ba, ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, amma ya faɗi abin da zuciyarta ta daɗe tana son ji. Tun daga nan ta zama mai ba da fatawa a layin. Mata na zuwa awo, su tafi da riga da shawara.

Ana nan, wata rana da yamma Auta ta shigo daga aiki. Lokacin ta ba arba'in baya, tana sashen naɗe kaya a masana'antar sabulu, mijinta direban babbar mota ne, yau yana nan gobe ba ya nan. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye kamar yadda ta saba, ƙamshin sabulu na tashi daga jikinta, ta zaro wata takarda daga jaka.

"Yaya, kin ga abin da aka raba mana. Wai motar asibiti za ta zo ranar Talata, duk wadda ta wuce arba'in a yi mata hoton nono."

Yaya Tela ta tsayar da keke. "Wani wuri na miki ciwo?"

"A'a."

"Kin ji wani abu a jikinki?"

"Ko kaɗan."

"To mai lafiya me zai kai shi wurin masu neman ciwo? In suka nema sai sun samu, aikinsu ke nan. Kin manta shugabar makaranta? Kin manta Inna?"

"Ban manta ba," in ji Auta. "Kowa dai a sashenmu zai je. Sun ce in an gan shi da wuri..."

"Sun ce, sun ce! Ke, tashi in ga." Ta fizgo tef ɗin awo daga wuyanta ta zagaya ƙirjin ƙanwarta da shi. "Tun babu komai a ƙirjin nan sai ƙashi nake auna shi. Rigar nononki ta farko wa ya ɗinka? Akwai na'urar da ta san shi kamar hannun nan? In wani abu ya fito, ni zan fara sani, kuma ni zan gaya miki."

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. "To likita, na ji."

Ranar Talata motar ta zo ta tafi. Auta na can cikin sashenta tana naɗe sabulu.

Bayan kamar shekara guda, 'yar Auta ta gama makarantar horon malamai, uwar ta kawo koren yadi a yi mata rigar zuwa taron yaye ɗaliban. An yanka, an harhaɗa, ta zo gwaji. Yaya Tela ta tsaya a gabanta da fil a baki, ta ja rigar ta zauna, sai gefen hagu ya ƙi kwanciya. Wani ɗan tattara ya fito kusa da hammata, inda bai taɓa fitowa ba. Ta sa bayan yatsunta ta shafe yadin, sai ta ji abu a ƙarƙashi, ƙarami, mai tauri, ba ya motsi.

Ta sani, kada wani ya ce ba ta sani ba. Ta ɗaga ido ta ga Auta na kallon madubi tana labarin wata abokiyar aikinta da ta zame a kan kumfa, tana dariya. Maganar ta taso mata har maƙogwaro. Amma in ta faɗa, mene ne na gaba? Asibiti. Dogon baranda, mai farar riga, leda da takalma. Kuma ita ce ta hana ta zuwa, da bakinta. Kafin ta gama wannan tunanin hannunta ya riga ya yi aikinsa: ya zare fil, ya matsar da tsukin da ke ƙarƙashin ƙirji ya saki rabin inci, tattarar ta ɓace.

"Ya dai, Yaya?"

"Ƙiba kike yi. Tsaya da kyau."

Ranar taron kowa ya yaba rigar. Yaya Tela ta zauna a layin baya tana gaya wa kanta cewa jikin mace yakan canja in shekaru sun ja, kitse yakan taru, wani ƙullutun yakan zo ya tafi da kansa. Duk gaskiya ne, yana faruwa. Ita dai ba ta ci abincin taron ba.

Wata shida bayan nan Auta ta kawo yadi ruwan ƙasa. Wannan karon inci guda cur Yaya Tela ta saki, ta ƙara shafi mai kauri ta ciki don kada wurin ya nuna. Washegari ta sayi kwalabe biyu na mutumin nan mai daɗin murya, ta kai wa Auta ta ce na ƙarin jini ne, ta sha safe da yamma. Auta ta sha, don Yaya ce ta ba ta. A shago kuwa faɗan Yaya Tela da asibiti sai ya ƙaru. Mace ta shigo gyaran zif, ta tafi da wa'azin rabin awa. Mutane suka ce tsufa ne ya fara kama ta. Tsoro ne kawai, ba ta da inda za ta ajiye shi.

A riga ta uku, shuɗiya mai furanni, Auta ce da kanta ta kama hannun yayarta ta ɗora a wurin.

"Yaya, ji nan. Kwanan nan nake jin sa in ina wanka. Kin ga fatar ma ta ɗan lotsa."

A nan ma akwai ƙofa a buɗe, ba ta bi ba. Ta ce, "Maruru ne da bai nuna ba. Akwai man da za a shafa." Aka shafa mai, aka ɗora ganye, aka sha kwalabe. Auta ta fara cewa bayanta na ciwo, aka ce tsayuwar masana'anta ce. Sai da 'yarta ta zo hutu daga makarantar da take koyarwa, ta ga uwarta na canja kaya, ta ƙwalla ƙara. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Da safe ta tsayar da mota, ta ce wa Yaya Tela, "Goggo, in za ki zo ki zo, in ba za ki zo ba mu mun tafi."

Ta bi su, tana riƙe da jaka da gorar ruwa.

Asibitin bai ba ta kunya ba, yadda ta bar shi haka ta same shi. Layi tun daga ƙofa, mai ba da kati na daka wa mutane tsawa, aka ɓatar da takardarsu sau biyu, na'ura ta lalace aka ce a dawo. Kowane wulaƙanci aka yi musu sai ta kalli 'yar Auta, irin kallon nan na ba na gaya muku ba. Mako uku ana kai da kawowa kafin a shigar da su wurin wata likita, mace mai gajiyayyun idanu, wadda aƙalla ta ce su zauna.

"Tun yaushe kika fara jin sa?" in ji likitar.

"Wata huɗu ke nan," in ji Auta.

Likitar ta duba takardun gabanta ta girgiza kai. "Wannan ya fi shekara yana nan. Ciwon daji ne, kuma ya kai ƙashin baya." Ta ajiye takardun. "Ba zan ce muku hoto ba ya kuskure ba, yana yi. Amma da an zo yana ƙarami, da maganar da muke yi yanzu daban ce. Abin da za mu iya shi ne mu rage masa gudu, mu rage mata zafi."

Yaya Tela ta ji ɗakin ya yi mata ƙunci, ta fita baranda. Tana jingine da bango sai ta ji an ce, "A'a, Yaya Tela! Ke ce a asibiti? Yau za a yi ruwa." Mai gyaran gashi ce ta bakin titi, wadda ta fi shekara goma tana kawo mata ɗinki.

"Rakiya na yi," in ji Yaya Tela. "Ke fa?"

"Dubawar shekara-shekara. Ai shekara shida ke nan da aka cire mini wani abu a nan, bai fi ƙwayar wake ba. A hoto aka gan shi, ni ko ji ban yi ba. Ɗan tabo ne kawai ya rage."

"Ba ki taɓa faɗa mini ba."

Matar ta yi dariya. "In faɗa miki ki cinye ni ɗanya? Ai ba ni kaɗai ba ce, akwai mu da yawa a layin. Mun san halinki, shi ya sa muke shiru."

Ta wuce abinta tana gyara jaka. Yaya Tela ta tsaya a wurin. Shekara da shekaru tana ƙirga mata bakwai, ashe waɗanda suka makara ne kaɗai ke buƙatar aljihun soso. Sauran suna shiga bayan labulenta da shiminsu, ta auna su, su tafi lafiya lau, ba ta taɓa saka su a ƙirgarta ba.

Auta ta bar aiki. Aka fara ba ta maganin da ya kwashe mata gashi, ya kwashe ƙibar da ake tsokanarta da ita. Yaya Tela na rufe shago da azahar ta tafi gidan, ta yi wanki, ta dafa abin da ba za a ci ba, ta zauna a bakin gado tana matsa mata ƙafa. Sau da yawa ta shirya za ta faɗa. Takan jera maganar a hanya, in ta shiga ɗakin ta ga idon Auta, sai ta tambaye ta ko ta sha ruwa.

Wata rana da la'asar Auta ta ce, "Yaya, buɗe akwatin nan ki fito mini da rigunana. Duk sun yi mini yawa, kamar na ari na wata. Ki rage mini ko uku, in an zo gaishe ni kada a same ni cikin buhu."

Ta fito da su ta zube a gado. Auta ta jawo koriyar, ta juya cikinta waje don ta nuna inda za a kama. Sai hannunta ya tsaya. Yarinyar da ta girma a ƙarƙashin teburin yanka ba sai an karanta mata ɗinki ba. Ta bi layin da yatsa: ga ramukan allura na farko inda aka farke, ga sabon layi a gefe, a hagu kawai. Ta ajiye. Ta jawo mai ruwan ƙasa ta juya, ta ga inci guda da shafin da aka ninka. Ta jawo shuɗiyar. Ta jera su uku a kan cinyarta, ta daɗe tana kallo.

A waje wani na gyaran babur, yana tayarwa yana mutuwa.

"Wannan ta taron makaranta ce," in ji Auta, ta ɗora hannu a kan koriyar. "Shekara biyu saura kaɗan."

Sannan ta ɗago ta kalli yayarta.

"Kin ce ke za ki fara sani."

"Na sani," in ji Yaya Tela. "Tun ranar na sani. Tsoro na ji, Auta. Na ga kamar in na faɗa za su karɓe ki kamar yadda suka karɓe Inna. Na ce ko zai tafi da kansa."

"Da kin ce mini je ki, da na je. Ko a ranar." Ba da faɗa ta faɗa ba, ba ta ma da ƙarfin faɗa. "Ni ban taɓa jin tsoronsu ba, Yaya. Ke nake bi."

Yaya Tela ta zame daga bakin gadon ta durƙusa a ƙasa, ta kifa fuskarta a kan ƙafafun ƙanwarta. Rabon da ta yi kuka tun ranar da aka binne uwarsu. Ta so a zage ta, a kore ta, a kira 'yar a gaya mata abin da goggonta ta aikata. Auta ba ta yi ko ɗaya ba. Ta bar ta ta yi kukanta, tana ta juya koriyar rigar a hannu, tana duba ɗinkin kusa da idonta.

"Amma fa kin iya aiki," ta ce can. "Sau nawa na sa rigar nan, na tsaya gaban madubi, ko sau ɗaya ban gane ba."

Ta ninke rigunan uku da kyau, ta miƙa mata.

"Ki rage su. Kada ki gaya wa yarinyar nan, za ta tsane ki, kuma in ba ni, ke kaɗai za ki rage mata."